Akwatin Labbo

A Yawuri na saye shi, bayan tasha,
cikin wani ɗakin kallo da ya mutu tare da mai shi.
Hakilu, ɗan marigayin, ya ce dubu sha takwas.
Na ce sha biyu, kaji ma na kwana a bayansa.
Ya ce albarka. Na juya.
Ya ce, "Kawo sha uku. Wallahi ya taɓa kamawa."

Ya fi ni tsawo da ɗani guda.
Mu huɗu muka cicciɓa shi bisa akori-kura,
tsakanin buhunan albasa da kwalin bandar kifi,
direba na tambaya: firij ne, ko kabad?
Na ce gem ne.
Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya tayar da mota.

A Jega na kwance bayansa.
Ɓera ya riga ni, ya yi shimfiɗa da audugar katifa,
ya ci jar waya, ya bar baƙa.
Fis ya ƙone tun tuni,
wani gwani ya naɗe shi da takardar sigari.
Kafasita uku sun kumbura
kamar kaska a kunnen sa.
Na ciro na wata tsohuwar rediyo da mai ita bai dawo ba,
na narka dalma, hayaƙinta na shiga idona.

Babu wuta. Na ja janareto.
Sai ƙugi. Sai wani kiɗa siriri
kamar sauro ya koyi sarewa.
Gilashi kuwa duhu.
Na kashe, na miƙa hannu bayan kwalba da gaggawa,
ta fizge ni har gwiwar hannu.
Gado mai shayi ya leƙo: "Ya cije ka?"
Na ce gaisawa muka yi.

Kwana na uku, layi ɗaya ya fito,
fari, a kwance, daga gefe zuwa gefe,
kamar kogi in ka hango shi da asuba daga tudu.
Na bi ƙafafun allo ɗaya bayan ɗaya
da gilashin idon da na ara,
har na ga inda dalma ta tsage, siririya kamar gashi.
Ɗigo ɗaya.
Kogin ya buɗe ya zama sama.
Ga jirage, ga taurari,
amma duka kansu a ƙasa.
Waya biyu na musanya, duniya ta miƙe.

Sandar tuƙi hagu kawai ta sani.
Na saci sifirin a keken ɗinkin Kulu,
har yau ba ta gane abin da ya sa zare ke tsinkewa ba.

A aljihunsa na sami gādo:
sulalla masu tsatsa, kobo hamsin guda tara,
dala ɗaya ta sefa, maɓallin riga,
da wasa ta ƙarfe da wani yaro ya yi wayo da ita.
Yanzu wa ke riƙe da sile?
Na bi dabarar yaron, na sayo wasa mudu guda.

Abu ɗaya ya gagare ni.
Ko an kashe shi, in ka karkata kai,
akwai rubutu da ya ƙone cikin gilashi:
LAB, da lamba mai tsawo a gabansa.
Labbo ke nan, mai ɗakin kallo.
Ashe in ya sallami yara ya ja ƙofa
shi ke tsayawa nan, da hularsa.

Na goge da tsumma, na goge da fetur.
Yana nan.

Jiya bayan isha'i na jefa wasa goma sha ɗaya.
Ko rabinsa ban kai ba.
Gado ya ce in sa sabon gilashi.
Na ce sai na wuce shi tukuna.